Ƙarafa Biyu da Aka Bari a Baranda

Rosmadi bai taɓa yarda wani ya zaɓar masa ƙarfen da zai rataya ransa a kai ba. Shekara ashirin da uku yana hawa dutsen Nenek Semukut da ke tsaye a bayan ƙauyensu na Mukut, a kan wani tsibiri, kuma duk jajibirin hawa abu ɗaya yake yi. Bayan la'asar zai shimfiɗa tamfal a baranda, ya zazzage jakar ƙarafan tsaga, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ɗan kara ne mai kunnuwa huɗu a kai da kunama a tsakiya. Ka ja kunamar kunnuwan su tsuke, ka zura a tsagar dutse, ka saki su buɗe su ciji dutsen, sannan ka maƙala igiyarka. In ka faɗo, nauyinka ne ke ƙara musu cizo. Iskar teku ba ta ƙaunarsu, gishiri yakan shiga sifirin ya kashe shi, don haka Rosmadi yakan wanke su da ruwan ɗumi, ya ɗiga musu mai, ya kara kowanne a kunne yana jan kunamar yana sauraro.

A kan wannan aikin Izham ya same shi. Izham ɗan Kuantan ne. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya sauko daga jirgin ruwa da takalmin aro, ko ƙullin igiya bai iya ba, ya zauna wata biyar a ɗakin bayan gidan Rosmadi yana cin shinkafar Khalijah, matar gidan. Yanzu hotonsa ne a bangon shagunan kayan hawa a Kuala Lumpur, kuma wani kamfani ke ba shi kaya kyauta. Ya zo da wata mai ɗaukar fim, Siew Peng, da akwatuna biyu na roba.

"Pak Madi! Har yanzu kana yi wa tsofaffin nan wanka?"

Da can Abang yake ce masa, kamar yayansa na jini. Shekara biyu ke nan da ya mayar da shi Pak, kamar yadda ake kiran dattawan da ke zaune a bakin masallaci. Rosmadi ya ji, bai nuna ba. Ya matsa masa wuri a tamfal, Khalijah ta kawo shayi da soyayyar ayaba.

"Dubi wuyansa," in ji ta. "Yaron da ya cinye mini buhun shinkafa, yanzu ko ayaba sai ya duba agogon hannunsa kafin ya ci."

"Kak Jah," in ji Izham, don haka yake kiran Khalijah, wato Yaya Jah, "agogon ne ke lissafa mini abin da na ci. In na wuce ƙa'ida ya kai ƙarata."

Suka yi dariya. Sannan Izham ya buɗe akwati.

Abin da ya kawo shi shi ne Wutsiyar Guza, hanyar da Rosmadi ya buɗe a fuskar dutsen ta kudu, zango tara, kowane zango tsawon igiya ɗaya. Zango na takwas Rosmadi ya taɓa wuce shi sau ɗaya, shekara goma sha uku baya, amma da rataya a jikin ƙarafa yana jan kansa. Ba wanda ya taɓa hawansa da hannu da ƙafa kaɗai. Izham na son ya zama na farko, Siew Peng ta ɗauka.

Ya jera sababbin ƙarafansa a gefen na Rosmadi. Suna sheƙi, kowanne da launin igiyarsa, marasa nauyi kamar cokula. Rosmadi ya ɗauki ɗaya ya ja kunamar. Ya yarda a ransa cewa kaya ne masu kyau, sun fi nasa laushin hannu nesa ba kusa ba. Ya bi jerin da ido daga mai shiga wurin ɗan yatsa har zuwa babban cikinsu, ya dunƙule hannu ya gwada da shi.

"Iyakarsu ke nan?"

"Iyakar abin da kamfanin ke yi ke nan."

"To zango na takwas ya fi ƙarfinsu. Daga rabi tsagar ta buɗe, dunƙulen hannu yawo yake yi a ciki, sai gwiwa. Ka ɗauki ƙanana bibbiyu don zangunan ƙasa, na tafin hannu uku-uku. Amma sama sai waɗannan."

Ya jawo manyan nasa guda biyu, masu jar igiya da ta koɗe. Kowanne in ya buɗe ya kai faɗin faranti.

Izham ya ɗaga ɗaya ya yi kamar nauyin zai kayar da shi. "Siew Peng, zo ki ga angar jirgin kamun kifi! Pak Madi, wannan in na rataya a ƙugu ai tekun zan nufa, ba sama ba."

"Nauyinsa kake dubawa. Ni faɗin tsagar nake dubawa. Ba launi ake zaɓa ba, ba sabo ake zaɓa ba. Dutse ne ke gaya maka abin da zai karɓa. In kunnuwan suka buɗe har ƙarshe, ba abin da suka riƙe, ado ka rataya."

"Duk ka koya mini wannan, ban manta ba." Izham ya fito da waya, ya nuna masa hoton da ɗan jirgin ɗaukar hoto ya ɗauko. "Ga wata siririyar tsaga a hagu. Ƙanana za su zauna a ciki daram."

"Na san ta. Bayan ɓawon dutse take. Na ƙwanƙwasa shi, amsawa yake yi kamar ganga."

"Shekara goma sha uku yana nan bai faɗo ba."

"Shekara goma sha uku ba wanda ya faɗo a kansa."

Izham ya mayar da wayar aljihu, ya rage murya. Ya ce yarjejeniyarsa da kamfanin ita ce kada kayan kowa su fito a fim sai nasu. Ba zai hau da jajayen nan a ƙugunsa ba, magana ta ƙare. Siew Peng kuwa ta durƙusa tana ɗaukar tsofaffin ƙarafan kusa-kusa, tana cewa za su yi kyau a farkon fim, inda ake nuna yadda mutanen da suke hawa.

Rosmadi ya ci gaba da ɗiga wa ƙarafansa mai. Da suka tafi masaukinsu, ya ɗauki manyan biyu ya tura su ƙasan jakarsa, ya ɗora igiya a kai. Haka ya saba. Tun Izham yana koyo, in ya ce ba ya buƙatar abu, Rosmadi yakan ce to, ya sa a jaka.

Washegari bayan sallar asuba, gari ya fara haske, suka taru a ƙofar gida. Rosmadi ya zagaya baya ɗebo ruwan sha a tanki. Yana dawowa da jarkoki ya ji muryar Izham a gindin kwakwa, irin muryar da yake yi in kyamara na kallonsa.

"Wannan zango ya daɗe yana jiran mai shi. Mutanen ƙauyen nan sun taɓa gwadawa da ɗan abin da suke da shi, sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Yau akwai wani dattijo daga cikinsu da zai taya mu ɗaukar kaya, ya riƙe mini igiya."

Siew Peng ta ce ya sake, iska ta shiga maganar. Ya sake, kalma ba ta canza ba.

Rosmadi ya ajiye jarkokin a hankali. Damina huɗu ya yi yana buɗe hanyar nan. A zango na uku ya bar farcen yatsu biyu. Ya hau baranda, ya buɗe jakarsa, ya zaro manyan biyu ya rataye su a ƙusar da ke jikin ginshiƙi. Khalijah ta fito da ƙunshin shinkafar kwakwa da busasshen kifi, ta dubi ƙusar, ta dube shi.

"Ka manta da waɗannan."

"Ban manta ba."

"Abang..." in ji ta, yadda matan ƙauyen ke kiran mazajensu.

"Ya ce ba ya so. Ni ɗan dako ne, abin da aka ce in ɗauka nake ɗauka."

Awa uku suka yi a kurmi, matsattsaku na bin ƙafafunsu, kafin su kai gindin dutsen. Ranar suka hau zango shida. Izham na gaba, kuma Rosmadi, duk da abin da ke cin ransa, bai iya hana kansa jin daɗin kallonsa ba. Yaron ba ya lalube. Zai dubi tsaga sau ɗaya, hannunsa ya sauka a kan ƙarfen da ya dace, ya zura, ya ɗan fizga, ya wuce. Da Rosmadi ya biyo yana cirewa, kowanne ya same shi a zaune yadda ake so, kunnuwa rabi a tsuke. Hannunsa ne ya gani a hannun yaron. Sau biyu ya buɗe baki zai ce masa manyan suna gida, sau biyu Izham ya juya yana yi wa kyamara magana, sai ya haɗiye.

Suka kwana a wani dakalin dutse. Da hantsi suka gama zango na bakwai, suka tsaya a ƙasan na takwas. Teku na can ƙasa, jiragen masunta kamar ƙwayar shinkafa. Siew Peng ta ja kanta gefe a kan igiyarta, ta sami wurin da take ganin tsagar duka. Izham ya shafa alli a hannu, ya maƙala siririyar igiyar jan kaya a bayan ɗamararsa, ya ce bismilla, ya kama.

Rabin farko ya tafi lafiya. Ya sa na tafin hannu biyu, ya sa na dunƙule ɗaya a inda ya zauna. Da tsagar ta fara buɗewa ya miƙa hagu, ya zura ƙanana biyu a bayan ɓawon dutsen nan, ya maƙala igiya. Rosmadi ya ɗaga murya.

"Ƙwanƙwasa shi tukuna!"

Izham ya wuce bai ƙwanƙwasa ba. Ya tura kafaɗa da gwiwa cikin babbar tsagar, ya fara jan jiki sama kaɗan-kaɗan, numfashinsa na fita da ƙarfi. Taku biyar, taku goma. Ya yi nisa da ƙananan. Ya tsaya, ya cusa gwiwa sosai, ya zaro babban da ya rage masa ya tura ciki. Kunnuwan suka buɗe har ƙarshe, ƙarfen ya yi ta rawa kamar haƙorin da ya kusa fita. Ya tura shi can ciki, ya sauya wuri, duk ɗaya.

"Abang!"

Rosmadi ya ɗaga kai.

"Abang, ɗaura mini jajayen a siririyar igiya. Yi sauri, ƙafata ta fara rawa."

"Suna gida."

Siew Peng ta ɗago ido daga kyamara.

"Bar wasa, Abang."

"Wallahi suna gida, Izham. Sauko. Sauko a hankali, ina riƙe da kai. Gwiwa tukuna, sannan kafaɗa."

Ya gwada. Ya sauko taku biyu. A na uku takalminsa ya zame a kan dutsen da rana ta riga ta gasa, gwiwar ta fita. Bai yi ihu ba. Rosmadi ya danne igiyar da hannu biyu, ya ji ta miƙe, sannan ya ji wata ƙara kamar an fasa tulu. Ɓawon dutsen ya ɓalle, faɗinsa ya kai ƙyauren ɗaki, ya wuce ta gefensu yana juyi, ƙananan biyu suka fito tare da shi. Na dunƙulen da ke ƙasa shi ya riƙe, amma kafin igiyar ta sake miƙewa Izham ya riga ya daki wani tudun dutse da ƙafar dama.

Da Rosmadi ya sauko da shi inda yake tsaye, ƙafar tana kallon inda ƙafa ba ta kallo. Ya ɗaure ta da sandar kyamara da tsumman rigarsa. Siew Peng ta sami layi da ƙyar, ta kira ƙauye. Sannan Rosmadi ya goya Izham a baya, ya ɗaure shi da ɗamara, ya fara sauka. Sau bakwai yana kafa igiya, yana sauka, yana jawo ta. Yana da shekara hamsin da biyu, yaron ya fi shi nauyi. Duk inda ƙafar ta taɓa dutse sai Izham ya cije masa kafaɗa ta cikin riga. Ba wanda ya yi wa wani magana sai "riƙe" da "saki". La'asar sakaliya suka taɓa ƙasa, inda mazan Mukut takwas ke jira da makarar gora da ragar kamun kifi. Jirgin ƙanin Khalijah ne ya tsallaka teku da shi zuwa asibiti.

Aiki uku aka yi wa ƙafar. Likitoci suka ce zai taka, amma idon sawun ba zai ƙara lanƙwasawa ba.

Rosmadi kuwa sai ya wayi gari ya zama abin nuni. Liman ya ambace shi ranar Juma'a. A shagon shayin bakin gaɓa an daina karɓar kuɗinsa. Bayan wata uku Siew Peng ta fitar da fim ɗinta, kuma rabinsa saukar nan ce: dattijo da yaro a bayansa, jini a kafaɗa, teku a ƙasa. Ta kira shi a waya ta gaya masa mutane nawa suka kalla.

"Akwai wurin da na yanke," in ji ta. "Inda ya kira ka. Na ga ba shi da amfani ga kowa."

"Na gode," ya ce, bakinsa kamar ya tauna maɗaci.

Masu hawa suka fara zuwa daga Kuala Lumpur da Singafo, kowa shi yake nema, kowa na son hoto da shi. Bai taɓa samun aiki kamar na wannan shekarar ba. Khalijah ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Sai dai in baƙi suka fara yabonsa a baranda, takan tattara kofuna ta shige ciki.

Sai da wata biyar ya cika sannan ya iya shiga jirgi da mota zuwa Kuantan. Kamfanin ya riga ya sallami Izham cikin ladabi, da wasiƙa da kwandon 'ya'yan itace, ya koma gidan uwarsa. Mak Rokiah, uwar, ita ta buɗe ƙofa. Da ta gane shi sai ta fashe da kuka.

"Kai ne Madi? Kai ne ka goyo mini shi? Shigo, ɗana, shigo. Wallahi ba sallar da nake yi ban sa ka a addu'a ba."

Ta zaunar da shi, ta cika masa faranti da shinkafa da miyar kifi, ta koma kicin soya wani abu. Izham na kwance a doguwar kujera, ƙafar a kan matashi, ya yi ƙiba, gemu ya fito masa babu gyara. Ya rage ƙarar talabijin.

"Ka ci mana. Tun jiya take girkin nan."

Rosmadi ya kai loma ɗaya ya ajiye cokali. Ya shirya maganar tun a jirgi, amma da ya buɗe baki guntuwa ce ta fito.

"Na sa su a jaka, Izham. Da safen na fitar."

"Na sani."

"Wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya mini. Da ka zagaya ɗebo ruwa na ɗaga jakarka zan matsar da ita daga hanya, na ji nauyinta. Na leƙa, na ga jar igiya a ƙasa. Na ce shi ke nan, tsoho ya yi halinsa." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kana tsammani haka kawai zan shiga tsagar nan da ƙarfen da bai kai ba? Kai ka koya mini fa. Na yi niyya in na kai wurin in sa Siew Peng ta kashe kyamara, ka turo mini, in wuce, a yanke wurin."

Rosmadi ya dubi farantin. A kicin mai na ƙara, Mak Rokiah na 'yar waƙarta.

"Na ji abin da ka faɗa a gindin kwakwa," ya ce.

"Wanne?"

"Dattijon da zai taya ku ɗaukar kaya."

Rosmadi ya gane a fuskar Izham cewa da gaske nema yake ya tuna.

"Wannan? Wannan ai maganar fim ce, Abang. Mutanen kamfanin ne suka rubuto mini." Ya dubi ƙafarsa. "A kan wannan ne?"

"Kwana ɗaya da rabi muna tare a dutsen. Da ka tambaye ni sau ɗaya."

"Da ka faɗa mini sau ɗaya."

Aka yi ta tallar sabulu a talabijin. Can Rosmadi ya ce ya zo ne ya nemi gafara, kuma in Izham na so zai faɗi gaskiya a gaban kowa, ya fara da uwarsa.

"Kada ka soma," in ji Izham. "Abu ɗaya take da shi mai daɗi a cikin wannan duka, shi ne kai. Bar mata abinta." Ya ɗauki abin sauya tasha. "Gafara kuma, ban sani ba. Wata rana ina jin na yafe, in na tashi zan shiga banɗaki sai in ji ban yafe ba. Kada ka sake zuwa tukuna. In na so ganinka zan kira."

Mak Rokiah ta fito da soyayyen kifi a leda, ta ce na Khalijah ne, ta raka shi har bakin titi tana sa masa albarka, maƙwabta na leƙowa su ga mutumin da aka nuna a fim. Ya tsaya ya gaisa da kowa.

Jirgin yamma ya samu. Da ya isa Mukut Khalijah na tsakar gida tana kwashe shanya. Ya miƙa mata ledar.

"Yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi."

"Me ya ce?"

Rosmadi ya zauna a matakala yana kwance takalmi.

"Ya ce a gaishe ki."